Laftof ɗinka ba ta mutu ba, makulli ɗaya ne a kashe

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, amma duk wanda yake da laftof, musamman 'yan aji huɗu da ke kan furojet, ya daure ya karanta har ƙarshe. Raina ne a ɓace, kuma gara in amayar da shi a nan da in ci gaba da haɗiyewa.

Ina SIWES a wani ofis a Maitama. Sati biyu da suka wuce wani abokina ɗan garinmu, ba zan kama suna ba, ya zo hutu wurin yayansa a Kubwa da laftof ɗinsa. Kullum ya kunna ta sai ta riƙa nuna masa cewa Windows 10 ya daina samun tallafi. Ya gwada hawa Windows 11, ta ce ba za ta ɗauka ba saboda babu TPM 2.0. Bai san mene ne TPM ba, bai tambayi kowa ba, ya saɓa jaka ya tafi wani shago a wata filaza. Mai shagon ya juya ta, ya leƙa bayanta, ya ce: "Oga, wannan ai ta tsufa. Ko ka bar ta ka ciko kuɗi in ba ka wata, ko in yi maka fomat in sa maka Windows 11 ta bayan fage." Abokina ya zaɓi na biyu, ya biya dubu goma sha biyar. Mutumin ya ce ya kwashe masa fayilolinsa a filashi. Ya kwashe na kan fuskar kwamfuta, ya bar ɗaya ɓangaren faifan ajiyar, ya share komai. A nan ɗin ne duk bayanan takardun tambayoyin da yaron ya yi wata biyu yana rabawa yana shigarwa suke. Babi na huɗu kenan ya tafi, kuma ranar miƙa aiki ba ta jiran kowa.

Da ya kira ni muryarsa na rawa, na ce ya kawo ta ofis lokacin tashin sallar azahar. Na kai wa injiniyan da nake ƙarƙashinsa, na ce: "Yallaɓai, don Allah a duba mana wannan." Ya kashe ta, ya kunna yana danna F10, ya shiga wani shafi, ya juyo da ita ya ce: "Ɗan IT, karanta min wannan." An rubuta TPM Device, a gabansa kuma Hidden. Ya mayar da shi Available, ya adana, ya sake kunnawa. Wallahi ko minti uku ba a yi ba. Firosesar i5 ce ƙarni na takwas, tana cikin waɗanda Windows 11 yake karɓa kai tsaye, kyauta, ba tare da an goge ko hoto ɗaya ba. TPM ɗin yana nan tun ranar da aka ƙera ta. Kashe shi kawai aka yi.

To ku gaya min, wa za a kama da laifi?

Na san kowa zai ce mai shago. Na yarda, yana da kasonsa. Wanda yake karɓar kuɗin mutane a kan gyaran kwamfuta amma fomat ne maganin kowace cuta a wurinsa, kamar mai kemis ɗin da kowa ya je masa sai ya ce taifod ce, ya kamata ya ji tsoron Allah. Amma ni yau da mu nake, mu ɗalibai. Abokin nan nawa ya ci kwas ɗin kwamfuta na aji ɗaya da A. Ni ma haka. Mun haddace Charles Babbage, mun haddace abakus, mun zana ƙarnonin kwamfuta tun daga na kwalaben lantarki, mun rubuta ma'anar kwamfuta a jarrabawa ba ko tuntuɓe. Amma injin da yake ɗauke da karatunmu gaba ɗaya, wanda iyayenmu suka sayar da buhunan masara ko suka ci bashin albashi kafin su saya mana, ba mu taɓa leƙa cikin saitinsa ba. Muna tsoronsa kamar ɗakin mai rasuwa. Rashin sani ne ya sa kaza ta kwana da yunwa a kan dami, kuma kazar nan mu ne.

Bari in faɗi abin da ya faru a duniya, domin wasu har yanzu suna ɗauka wasa ne. Microsoft ta fitar da Windows 11 ranar 5 ga Oktoban 2021, ta kuma gindaya sharuɗɗa: RAM aƙalla gigabait 4, wurin ajiya gigabait 64, tsarin tashi na UEFI mai iya ɗaukar Secure Boot, firosesa daga ƙarni na takwas zuwa sama idan Intel ce, ko Ryzen 2000 zuwa sama idan AMD ce (ban da wasu daga cikin na 2000 ɗin), sannan TPM 2.0. Ranar 14 ga Oktoban 2025 kuma ta rufe tallafin Windows 10. Ma'ana, laftof ɗinka za ta ci gaba da kunnuwa, Word zai buɗe, fim zai yi, amma duk wata kafa da masu kutse suka gano daga ranar, babu wanda zai toshe maka ita sai in ka shiga wani tsari na musamman da zan faɗa a gaba.

Shi TPM ɗin mene ne? Ka ɗauke shi kamar ƙaramin akwatin ƙarfe da aka gina a cikin bangon ɗaki, wanda ake ajiye makullai a ciki. A wasu kwamfutocin ɗan guntu ne daban da aka manna a kan allon injin. A wasu kuma yana cikin firosesar kanta: Intel suna kiran nasu PTT, AMD suna kiran nasu fTPM. Aikinsa riƙe makullan sirri a wurin da manhaja ba za ta iya kwashe su cikin sauƙi ba. Lambar PIN ɗin da kake shiga Windows da ita, da shi ake kare ta. Idan ka kunna kulle faifai na BitLocker, shi ne yake riƙe makullin. Amfanin wannan a wurin ɗalibi a fili yake. Mun san yadda laftof take ɓacewa a hostal da masallaci da ɗakin karatu. Idan faifanka ba a kulle yake ba, ɓarawo ba ya buƙatar kalmar sirrinka: ya cire faifan, ya jona a wata kwamfutar, ya ga hotunan gidanku, hoton katin NIN ɗinka, takardar da ka rubuta BVN a ciki, komai. Idan a kulle yake, kuma makullin yana cikin TPM, abin da zai gani shirme ne kawai. 'Yan uwa mata, ku fi kowa riƙe wannan maganar.

Kuma tun tsakiyar 2016 Microsoft ta wajabta wa kamfanonin da ke ƙera sababbin kwamfutoci masu Windows 10 su sa TPM 2.0. Shi ya sa da wuya ka ga laftof ta ƙarni na takwas da ba ta da shi. Sai dai yawancinmu na hannu muke saya, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama amfani da su, kuma kafin su iso gare mu sun bi ta hannaye da yawa. Wani ya ɓoye TPM ɗin, wani ya mayar da tsarin tashin zuwa tsohon yayi don ya sa Windows ɗin da yake da shi a filashi. Kai kuma ka karɓa a haka, ka ɗauka haka Allah Ya halicce ta.

Ga yadda ake dubawa, kuma ba ka buƙatar zama ɗan sashen kwamfuta.

Da farko ka san firosesarka. Shiga Settings, System, About. Idan ka ga i5-8250U ko i5-8350U, lambar farko bayan ɗan layin ita ce ƙarnin, wato takwas. Idan ka ga i5-6300U na shida ne, i5-7200U na bakwai. Daga na goma zuwa sama lambobi biyu na farko ake dubawa, kamar i5-10210U ko i5-1135G7. Ka daina cewa "tawa ai Core i7 ce" kana taƙama. Core i7 ta ƙarni na huɗu ba za ta wuce ba, Core i3 ta ƙarni na takwas za ta wuce.

Na biyu, danna maɓallin Windows tare da R, rubuta tpm.msc, ka danna Enter. Idan ya ce TPM yana shirye kuma ka ga 2.0 a wurin Specification Version, ka huta. Idan ya ce bai samu TPM ba, kada hankalinka ya tashi, wataƙila a kashe yake. Idan ka ga 1.2, wasu injinan HP da Dell ana iya ɗaga nasu zuwa 2.0 da manhajar da kamfanin da kansa ya sa a shafinsa, amma wannan ka nemi wanda ya iya ya tsaya a kanka.

Na uku, kafin ka taɓa komai, kwashe aikinka. Furojet, bayanai, hotuna, ka sa a filashi, ka kuma sa a Google Drive ko ka tura wa kanka ta imel. Wurare biyu, ba ɗaya ba. Sannan ka duba ko BitLocker yana kunne. Idan yana kunne, nemo makullin ceto, lambobi 48 ne, yawanci yana cikin asusunka na Microsoft, ka rubuta a takarda ka ajiye. Canjin saiti a BIOS yana iya sa kwamfuta ta tambaye ka lambobin nan, kuma in ba ka da su, ko injiniyan Microsoft ba zai buɗe maka ba.

Na huɗu, shiga BIOS. Kashe laftof ɗin, kunna, ka riƙa danna F10 idan HP ce, F2 idan Dell ce, F1 idan ThinkPad ce. Nemi shafin Security. A HP za ka ga TPM Device da TPM State, a Dell za ka ga TPM 2.0 Security ko PTT, a ThinkPad sunansa Security Chip, a injinan AMD kuma fTPM. Kunna shi, adana, fita. Ka tabbata akwai caji ko tana jone da wuta, kada NEPA ta yi maka halinta a tsakiyar aiki. Abu ɗaya nake roƙon ka: akwai wani zaɓi a kusa da shi mai suna Clear TPM. Kada hannunka ya je wurin. Wannan zubar da makullan da ke cikin akwatin ne gaba ɗaya.

Na biyar, danna Windows da R, rubuta msinfo32, duba BIOS Mode. Idan UEFI ne, shi kenan. Idan Legacy ne, kada ka yi gaggawar canza shi a BIOS, domin kwamfutar za ta ƙi tashi. Sai an fara juya tsarin faifan da wata ƙaramar manhaja da take cikin Windows mai suna mbr2gpt, kuma ana yin hakan ba tare da goge komai ba. A nan ma ka nemi wanda ya taɓa yi. Daga nan sai ka sauke PC Health Check daga shafin Microsoft, ya faɗa maka ko ka cika sharuɗɗa. Idan Windows 10 ɗinka na halal ne, hawa 11 kyauta ne. Data kawai za ka kashe, ka jira garaɓasar dare ko ka laɓe kusa da wayifai ɗin makaranta.

Shi kenan fa. Wannan ne ilimin da aka karɓi dubu goma sha biyar da babi na huɗu a kansa.

Na san irin martanin da zai biyo baya, bari in amsa tun yanzu.

Akwai masu cewa: "Malam, Windows 10 ɗina yana aiki lafiya lau, wa zai yi min kutse, me nake da shi?" Ai ba zama ake yi a zaɓe ka ba, ɗan'uwa. Tarko ake bazawa, duk wanda ƙofarsa take buɗe ya faɗa. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a duniya tana kulle fayilolin mutane tana neman kuɗin fansa, har asibitocin gwamnatin Birtaniya sai da ta tsayar wa aiki. Microsoft ta fitar da maganin wannan kafar tun watan Maris, wata biyu kafin abin. Waɗanda suka faɗa su ne waɗanda ba su saka maganin ba. Yanzu ka kwatanta da kwamfutar da maganin ma ba zai zo mata ba. Kuma da ita kake shiga shafin rajistar makaranta, da ita kake cike bashin karatu na NELFUND, da ita kake buɗe imel ɗin da duk sauran asusunka suke rataye a kansa. Ga filashinmu da yake yawo daga shagon buga takardu zuwa laftof ɗin kowa a aji kamar kofin shan ruwa na masallaci. Kana da abin da za a sace, ba ka lissafa ba ne.

Akwai masu cewa: "Duk wannan dabarar Microsoft ce ta sa mu sayi sababbi." Ba zan kare Microsoft ba, ba ƙanin babana ne mai ita ba. Laftof ta ƙarni na bakwai mai RAM gigabait 8 da SSD tana aiki sumul, tana da TPM 2.0 ɗin ma, amma an ja layi an bar ta a waje. Wanda ya ja layin nan bai yi tunanin ɗalibin da yake tara kuɗin laftof shekara guda ba. Amma fushin ba zai canza sharaɗin ba, kuma akwai abin da ya fi fushin muhimmanci. Ku tambayi kanku: ofisoshin can da suka fitar da injinan ƙarni na shida da na bakwai daga aiki, ina za su kai su? Mun san inda gwanjon duniya yake ƙarewa. Za su zo mana a goge, suna ƙyalli, da Windows 11 da aka cusa musu ta bayan fage, a ce maka "ga ta nan da sabon Windows". Ɗan aji ɗaya da babansa ya ba shi kuɗin da aka sha wuya kafin a haɗa, shi za a liƙa wa. Don haka duk wanda zai sayi laftof, a Abuja ne ko Kano ko Kaduna ko Zariya, kafin ya miƙa ko kwabo ya duba lambar firosesa, ya buɗe tpm.msc a gaban mai shagon, ya kuma shiga BIOS ya tabbata ba a kulle shi da kalmar sirrin wani kamfani ba. Idan mai shago ya ɓata rai don ka duba, ka san akwai lauje cikin naɗi.

Akwai kuma gwanaye masu cewa: "Ai ana tsallake sharaɗin, ni na yi da Rufus." Gaskiya ne ana yi. Idan ka sauke Windows na asali daga Microsoft da hannunka, ka tsallake da saninka, ka kuma san cewa Microsoft ta ce ba ta ɗauki alkawarin ba irin wannan injin sabuntawa ba, wannan ruwanka ne, kai baligi ne. Abin da nake yaƙa shi ne abu biyu. Na farko, a tsallake sharaɗi a injin da ya cika sharaɗin, kamar mutum ya haura katangar gidansu alhali makullin ƙofa yana aljihunsa. Na biyu, a sa maka wani Windows da ba ka san wanda ya haɗa shi ba. Wanda aka sa wa abokina, da muka duba, an kashe Defender gaba ɗaya, an kashe sabuntawa, ga wasu manhajoji da ba mu san aikinsu ba. Sai da muka sake sa na asali. Ka biya kuɗi an cire maka ƙyauren ɗaki kenan.

Wanda kuma injinsa da gaske bai kai ba, ba a ce ya jefar ba. Microsoft ta buɗe wa ɗaiɗaikun mutane tsarin ƙarin sabuntawar tsaro na Windows 10 mai suna ESU, wanda wa'adinsa yake ƙarewa ranar 13 ga Oktoban 2026. Ana shiga da dala 30, ko da makin Microsoft Rewards 1,000, ko kyauta idan ka haɗa ajiyar saitinka da asusun Microsoft. Numfashi ne na ɗan lokaci, ba mafita ba ce. Mafita mai ɗorewa ga tsohon inji ita ce Linux, kamar Linux Mint ko Ubuntu: kyauta ne, ana sabunta shi, yana tafiya a kan tsofaffin injina, kuma LibreOffice da burauza sun ishi mai rubutu da bincike. Amma wanda kwas ɗinsa yake buƙatar AutoCAD ko wata manhajar da ba ta da sigar Linux, ya yi tambaya kafin ya koma.

Kullum da safe in na sauka a mota ina bin titin Aguiyi Ironsi, ina wuce ginin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, da na hukumar sadarwa ta NCC, ga TETFund can a Zambezi Crescent. A unguwar nan ake tsara manhajar karatun jami'o'inmu, a nan ake raba kuɗin gina ɗakunan kwamfuta. Roƙona gare su ƙarami ne: a cikin kwas ɗin kwamfuta na aji ɗaya a ware ko da sati biyu ne, kowa ya zo da laftof ɗinsa ko ya zauna kusa da mai ita, a koyi adana aiki a wurare biyu, a koyi shiga BIOS, a koyi kulle faifai, a koyi karanta lambar firosesa. Babbage ba zai yi fushi ba.

Amma ba zan zauna jiran su ba, ku ma kada ku jira. 'Yan NACOS, ku da kuke karanta abin nan, ina amfanin iliminku in 'yan hostal ɗinku suna kai laftof a yi musu fomat a kan saiti ɗaya? Ƙungiyoyin ɗaliban jihohi, da 'yan uwa na MSSN, kuna iya haɗa walima da taron yaye ɗalibai da rigar kamfen. Ku haɗa Asabar ɗaya, aji ɗaya, janareto ɗaya, mutum biyar da suka iya, kowa ya kawo tasa a duba masa kyauta. A sa mata cikin masu dubawar, domin 'yar uwa ba za ta so miƙa wa namiji laftof ɗinta da hotunanta a ciki ba, kuma tana da gaskiya.

Abokina ya koma makaranta. Allah Ya taimake shi takardun tambayoyin na asali suna cikin kwali a ƙarƙashin gadonsa, yanzu haka yana sake shigar da su ɗaya bayan ɗaya, dare da rana. Ku sa shi a addu'a.

Yau da daddare, kafin ka buɗe TikTok, danna Windows da R, rubuta tpm.msc. Abin da ya nuna maka, da lambar firosesarka, rubuto a ƙasa, ni ko wani da ya sani zai amsa maka in sha Allah. Kada dai ka turo makullin BitLocker ɗinka ko wata kalmar sirri, ko ni ne na tambaya. A tura wa 'yan aji, musamman sababbin shiga da suke shirin sayen laftof.